Rukunai 56 a GLPI: a yi da hannu ko a bar wa sikirif?

Umaru (Garwa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Ina sashen kwamfuta na wata ma'aikatar ba da ƙananan rance, hedkwatarmu na nan Garwa, muna da rassa 14 tun daga Ngawundare har Kusiri. Da manhajar GLPI 10 muke karɓar koke-koken ma'aikata, mai firinta ta ƙi bugawa, mai ya manta kalmar sirri, kowa ya buɗe tikiti. To shugabanni sun sake fasalin aiki, sun ce kowane reshe a raba shi rukuni huɗu: masu akwatin kuɗi, masu rance, akantoci, da shugabannin reshe. Rukuni 56 ke nan, ga mutum kusan 300 da za a zuba a ciki. Jiya na fara da hannu bayan La'asar, har aka kira Magariba tara kawai na gama, kuma a cikin taran ma na tura wata baiwar Allah ta Gidar zuwa Kayle. Takardar Excel tana hannuna da sunayen duka. Akwai wanda ya taɓa sa na'ura ta yi wannan aikin da kanta?

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Wa alaikumus salam Yaya Umaru. Wannan ai aikin rabin awa ne. GLPI yana da API, wato ƙofar da wata manhaja ke ba shi umarni ta cikinta, tun siga ta 9.1. Ka kunna shi a saitin gama-gari, ka ƙirƙiri mabuɗin manhaja, ka ɗauko mabuɗin asusunka daga shafin bayananka. Da Python sai ka kira initSession ya ba ka mabuɗin zama, sannan kowane layi na takardar ka tura shi zuwa Group, ya dawo maka da lambar rukunin. Mutane kuma ta Group_User ake haɗa su, lambar mutum da lambar rukuni. Ka gama ka kira killSession. In kana so in rubuta maka yau da dare.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Ko ma mafi sauri, ka shiga MariaDB, rumbun da GLPI ke ajiye bayanansa, kai tsaye ka zuba su a teburin glpi_groups. Minti biyu.

Malam Bello (Ngawundare):
Ɗana, saƙonka na farko na karɓa, na biyun ka goge shi kafin wani ya gwada. Rukuni a GLPI ba suna kawai ba ne, bishiya ce, yana iya samun uwa da 'ya'ya. Shi ya sa teburin yake da gurbin cikakken suna da na mataki da wasu guraben ajiyar dangantaka, waɗanda manhajar ce ke cika su da kanta idan an bi ta ƙofa. Ka haura ta katanga, za ka ga rukuni a jeri amma babu suna a akwatin zaɓi, kuma tarihin abin ba zai nuna wanda ya yi ba. Ranar da masu bincike suka zo ma'aikatar kuɗi suka ce wa ya ƙirƙiri wannan, sai ka ce musu aljani.

Umaru, kafin maganar sikirif, wato rubutaccen umarnin da na'ura za ta bi ta yi aikin da kanta, tambaya ɗaya: ma'aikatanku da wace kalmar sirri suke shiga GLPI? Wadda suke buɗe kwamfuta da ita, ko ta daban?

Umaru (Garwa):
Wadda suke buɗe kwamfuta da ita ce Malam. An haɗa shi da Active Directory (AD), rajistar asusun ma'aikata, ta hanyar haɗin da ake kira LDAP tun kafin in zo.

Malam Bello (Ngawundare):
To ai ka ga, kana da rijiya a tsakar gida kana neman mai ruwa. Idan ka zuba mutum 300 a rukunai ta API, ka yi aikin yau ne kawai. Wata mai zuwa a ɗauki mutum biyar, a mayar da uku wani reshe, ɗaya ya ajiye aiki. Wa zai bi? Kai. Za ka zama kana riƙe da rajista biyu, ɗaya a AD ɗaya a GLPI, kuma rajista biyu ba sa daɗewa ba su saɓa ba.

Abin da nake yi a wurinmu shi ne, rukunin yana rayuwa a AD. A GLPI kuwa kowane rukuni yana da shafin haɗi da LDAP, inda ake rubuta cikakken adireshin takwaransa na AD. Duk wanda ya shiga GLPI, ko aka gudanar da daidaita masu amfani, manhajar za ta duba memberOf nasa, wato jerin rukunansa a AD, ta saka shi inda ya dace. Kuma abin da ya fi muhimmanci, wanda ya shiga ta wannan hanya ana yi masa alamar cewa na'ura ce ta saka shi, don haka ranar da aka cire shi a AD, shi ma GLPI zai cire shi. Wanda ka saka da hannu ko ta API ba tare da wannan alama ba, yana nan daram har Mahadi ya bayyana.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
To Malam in haka ne ai ba a buƙatar API ɗin ma gaba ɗaya.

Malam Bello (Ngawundare):
Ana buƙata. Umarnin daidaitawa na bin/console mutane yake daidaitawa, ba ya haifar da sabon rukuni. Shigo da rukunai daga LDAP akwai shi a shafin gudanarwa, amma mutum ne ke danna shi, kuma bayan shigowa sai ka bi kowanne ka gyara masa alamominsa. Nan ne sikirif ɗinka yake da amfani: ya ƙirƙiri rukuni a antite ɗin da ya dace, wato sashen ma'aikata a tsarin GLPI, ya cika masa adireshin AD, ya saita alamomi. Mambobi kuma ya bar wa LDAP.

Umaru (Garwa):
Na fahimta, sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. AD ba a hannuna yake ba. Wani babban yayanmu ne ke riƙe da shi, mutumin kirki ne amma in ka aika masa buƙata ranar Litinin, sai ka yi sa'a ka ji amsa Alhamis. In na ce ya ƙirƙiri rukuni 56 ai sai bayan Babbar Sallah.

Malam Bello (Ngawundare):
Kada ka ce ya ƙirƙira. Ka kai masa abin a dafe. PowerShell layi kaɗan ne: Import-Csv ya karanta takardar, New-ADGroup ya yi rukuni, Add-ADGroupMember ya zuba mutane. Ka ƙara masa WhatIf a ƙarshen umarnin, zai ga duk abin da za a yi ba tare da an taɓa komai ba. Irin waɗannan dattijan ba ƙin aiki suke ba, tsoron abin da ba su gani ba suke. Ka zauna kusa da shi da shayi, ya karanta, ya danna da hannunsa.

Hajiya Maryam (Marwa):
Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku. Ni ba mai rubuta sikirif ba ce, teburin karɓar koke nake shugabanta, don haka ni ce ke kwashe abin da kuka zubar. Duk kun tsaya kan yadda za a haifi rukuni, babu wanda ya tambayi wa zai yi masa suna, wa zai raine shi, wa zai binne shi.

Bari in ba ku abin da ya faru da mu. An mayar da wani yaro daga reshenmu na Mokolo zuwa Yagwa. An saka shi a rukunin sabon wuri, an manta ba a cire shi a tsohon ba. Wata bakwai yana samun saƙon kowane tikiti na Mokolo a akwatin wasiƙarsa, kuma kun san ma'aikatanmu, in abu ya ƙi musu sai su ɗauki hoton allon gaba ɗaya su liƙa, da sunan abokin ciniki da lambar asusunsa da abin da ke ciki. Yaron kirki ne, shi da kansa ya zo ya ce Hajiya a raba ni da wannan. Da wani ne fa?

Da na zauna na duba, rukuni 80 da wani abu muke da su. Akwai Support, akwai Support2, akwai Support_nouveau, akwai wani mai suna test_ali wanda Alin ya bar aiki tun kafin korona. Wannan duk da hannu aka yi su, a hankali, cikin shekaru. Yanzu ku ba mutum na'urar da ke haifar hamsin a minti ɗaya.

Umaru, takardarka ta Excel, wa ya sa mata hannu?

Umaru (Garwa):
Gaskiya Hajiya babu. Sakatariyar dirakta ce ta turo min ta WhatsApp.

Hajiya Maryam (Marwa):
To ka mayar da ita ofishin kula da ma'aikata su tabbatar, kuma ka ƙara gurbi ɗaya: mai rukuni. Kowane layi da sunan mutumin da zai amsa in an tambaya me ya sa wane yake ciki. GLPI yana da alamar manaja a cikin mambobi, ka yi amfani da ita. Layin da ba shi da mai shi, sikirif ya tsallake shi, ko dirakta ne ya turo.

Musa (Njamena):
Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mu nan wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa nake wa aiki, manhajar ServiceNow muke amfani da ita maimakon GLPI, kuma can abin ya fi haɗari. A GLPI rukuni shi kaɗai ba ya ba da iko, furofil, wato kundin izinin da ake ba mutum, shi ne ke bayarwa, a kan antite. A ServiceNow kuwa ana liƙa wa rukuni matsayi, duk wanda ya shiga ya gaji matsayin nan take. Rukunin na teburin sys_user_group, mambobi na sys_user_grmember, matsayin kuma na sys_group_has_role. Ka ba rukuni matsayin itil, na masu aikin tikiti, ka zuba mutum 40, ka ƙara wa ƙungiya masu cin lasisi 40 ba ka sani ba, sai lissafi ya zo.

Shi ya sa mu babu mai ƙirƙirar rukuni kai tsaye. Fom ne a kundin buƙatu: sunan rukuni, dalili, manaja, nau'i. Ya je wurin mai amincewa, in ya amince sai Flow Designer ya duba ko akwai mai irin sunan, ya ƙirƙira, ya saka manaja, ya rufe buƙatar. Sikirif ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Watanni muka yi muna gardama kan tsarin suna, rubuta shi kuwa yini biyu.

Wani abu kuma da ya taɓa kayar da ni: na gina komai a sabar gwaji, na kwashe da update set zuwa ta aiki, sai na tarar babu rukunan. Ashe rukuni bayanai ne a wurinsu, ba ya bin kayan saiti.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Yaya Musa ku masu kuɗi ne. Mu talakawa GLPI kyauta.

Musa (Njamena):
Kuɗin ba nawa ba ne ƙanena, ni ma babur nake hawa in tsallaka gadar Ngeli in sayo kaya a Kusiri. Kuma fom da amincewa ai kuna da su, Formcreator yana yi a GLPI 10.

Malam Bello (Ngawundare):
Gyara kaɗan ga maganar Musa, don kada Umaru ya saki jiki. Gaskiya ne rukuni ba ya ba da iko da kansa a GLPI. Amma akwai dokokin raba izini, waɗanda ke cewa duk wanda ke rukuni kaza a ba shi furofil kaza a antite kaza. In wanda ya gabace ka ya rubuta doka mai cewa sunan rukuni ya ƙunshi kalma kaza, sabon rukuninka yana iya faɗawa ciki, ka wayi gari mai akwatin kuɗi ya zama Technician. Ka karanta dokokin nan tukuna.

Sannan alamomin da na ambata. Kowane rukuni ana zaɓa masa ko zai iya zama mai buƙata, ko mai sa ido, ko wanda ake ɗora wa tikiti, ko a aika masa sanarwa. Rukunanka 56 masu kawo kuka ne, ba masu gyara ba. Ka kashe musu alamar ɗora tikiti, in ba haka ba ma'aikatan Hajiya za su buɗe akwatin zaɓi su ga jeri kamar layin awon auduga.

Umaru (Garwa):
Useko jama'a, Allah ya saka. Zan bi a hankali in dawo da labari.

Umaru (Garwa):
Barkanmu da Juma'a. Rahoto na farko. Dattijon AD ya yarda, da shayin da komai kamar yadda Malam ya ce, rukunai sun samu a can. Tsarin suna muka yi gajere: harufa uku na gari, layi, sai aiki, kamar GRA-CAISSE. Sunan gari cikakke yana gurbin bayani. Na yi gwajin bushe na sikirif ɗin GLPI, wato ya buga abin da zai yi kawai, kuma Allah ya taimake ni da na yi. Na farko, Excel ɗinmu na Faransanci ne, da waƙafi mai ɗigo yake raba gurabe, sai Python ya ɗauki layi gaba ɗaya a matsayin suna. Na gyara. Na biyu, Ngaoundéré ya fito NgaoundÃ©rÃ©, Kaélé ma haka, kuma kan gurbin farko ya zo da wasu baƙaƙe uku a gabansa har sikirif ya ce babu gurbi mai wannan suna.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Wannan na sani! An adana takardar da UTF-8, Python a kan Windows kuma ya buɗe ta da tsohon tsarin cp1252. Ka ce masa utf-8-sig wajen buɗewa, zai gyara wasulan ya kuma haɗiye baƙaƙen farkon.

Umaru (Garwa):
Ya yi, Allah ya yi maka albarka. Gobe Asabar ba kowa a ofis, zan sake shi da gaske.

Umaru (Garwa):
Innalillahi. Jama'a na yi ɓarna. Na saki sikirif, yana cikin tafiya aka ɗauke wuta. Saba tana kan batiri ba ta mutu ba, amma na'urar raba layin da ke hawanmu ta mutu, haɗi ya yanke. Da janareta ya tashi na sake gudanarwa, hankalina kwance, don na sa masa ya ɗauko jerin rukunan da ke akwai ya tsallake duk wanda ya gani. Yanzu ina da rukuni 97 maimakon 78. Tagwaye 19, suna ɗaya, antite ɗaya. Kuma GLPI bai ce uffan ba.

Malam Bello (Ngawundare):
Kafin komai, ka yi ajiyar bayanai da mysqldump kafin ka fara?

Umaru (Garwa):
Na yi Malam, da safe.

Malam Bello (Ngawundare):
To sha ruwa, babu abin da ya ƙone. Rukuni nawa ne a ciki kafin ka fara, nawa kuma aka yi kafin wuta ta tafi?

Umaru (Garwa):
31 ne da, da tsofaffi da taran da na yi da hannu na sake musu suna. Zagayen farko ya yi 38.

Malam Bello (Ngawundare):
31 da 38, 69. Cire 50, saura nawa?

Umaru (Garwa):
19. Kai! Malam me ke nan?

Malam Bello (Ngawundare):
API ɗin GLPI in ka ce ya ba ka jeri ba ka faɗi iyaka ba, hamsin na farko yake bayarwa. Yana ma gaya maka, amsar tana zuwa da lamba 206 maimakon 200, wato ga wani sashe, kuma a kan amsar akwai Content-Range mai nuna jimilla. Sikirif ɗinka ya ga hamsin ya ɗauka duniya ke nan. Gwajin bushenka bai kama shi ba saboda a lokacin 31 ne kawai. Ni ma ta nan na taɓa faɗawa, da kwamfutoci ma ba rukunai ba, shi ya sa lissafin ya zo min da wuri. AD da ya ƙi karɓar suna biyu iri ɗaya ya saba mana da sakaci.

Gyaran: ko ka riƙa jawo jerin shafi-shafi da range har ya ƙare, ko kuma, wanda na fi so, kafin kowane rukuni ka tambayi GLPI wannan sunan a wannan antite yana nan? Ya fi jinkiri, amma 56 ne ba dubu 56 ba. Kuma ya riƙa rubuta kowane abin da ya yi a fayil, layi-layi, da lambar da aka dawo masa da ita.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Laifina ne Yaya, ni na ba ka wannan ɓangaren. Ka mayar da ajiyar safe kawai a sake daga farko.

Hajiya Maryam (Marwa):
A'a. Rassa suna buɗewa Asabar da safe ko ba sa buɗewa? In an shigar da tikiti ko ɗaya tun safe, mayar da ajiya zai shafe shi, Litinin mutum ya zo yana neman kukansa babu. Umaru, duba tukuna. Kuma kada ka goge tagwaye da ka. Ka buɗe kowane biyu ka ga wanne ne ya riga ya samu mambobi ko tikiti. Goge rukunin da ke jikin tikiti yana cire shi daga tikitin, rahoton ƙarshen wata ya fito da rami.

Umaru (Garwa):
Hajiya kin yi gaskiya, tikiti shida sun shigo daga Kusiri da Yagwa. Ban mayar ba. Na bi su ɗaya-ɗaya, na baya-bayan duk babu kowa a ciki sai guda biyu da wasu suka shiga bayan la'asar, LDAP ya zuba su a duka tagwayen tunda adireshin AD ɗinsu ɗaya. Babu tikiti a jikinsu. Na goge masu manyan lambobi 19, saura 78 cif. Na gyara sikirif, na gudanar da shi sau uku a jere, sau ukun yana cewa babu sabon abu.

Musa (Njamena):
Madalla. Yanzu ka cire mabuɗin daga cikin sikirif ɗin in a ciki ka rubuta shi, kuma kada ya zama na asusunka na Super-Admin. Ka yi masa asusu nasa mai ikon rukunai kawai, ka ƙayyade adireshin na'urar da aka yarda ta kira API.

Umaru (Garwa):
A ciki yake, kuma na tura wa Ɗanlami fayil ɗin jiya. Na sabunta mabuɗin yanzu.

Ɗanlami (ɗalibi, Ngawundare):
Wallahi ban ko kalle shi ba.

Umaru (Garwa):
Litinin. Abu ɗaya ya rage. Rukunan shugabannin reshe guda 14 duk sun cika, sai dai babban rukunin da dattijon ya yi a AD ya zuba rukunan 14 a cikinsa, na haɗa shi da GLPI amma ya fito fayau, ba kowa.

Malam Bello (Ngawundare):
memberOf mambobin kai tsaye kawai yake nunawa, ba ya bin rukuni cikin rukuni. AD yana da wata doka ta bin sarƙa da ake sakawa a matatar bincike, mai lamba 1.2.840.113556.1.4.1941, amma don mutum 14 ban ga dalilin wahalar ba. Ka ce wa dattijon ya zuba mutanen kai tsaye. Sannan ka saka umarnin daidaitawa a cron, mai gudanar da aiki da kansa a lokacin da aka sa masa, kowane dare, don waɗanda ba sa shiga GLPI sai firinta ta lalace.

Hajiya Maryam (Marwa):
Gurbin mai rukuni fa?

Umaru (Garwa):
An cika 53. Uku na Kusiri har yanzu ana gardama tsakanin shugaban reshe da mataimakinsa. Tunda an riga an ƙirƙire su, na kashe musu sanarwa har su daidaita, na kuma gaya wa dirakta da bakina.

Hajiya Maryam (Marwa):
To ka turo min takardar ba tare da sunayen mutane ba, in ga tsarin guraben. Ina so in fara da test_ali.